Ƙwace Lasin Direba Da Ɗaukaka Ƙara

Lasin shi ne gonar direban babbar mota. Ran da aka karɓe shi, ran nan aka rufe masa rumbu. Saboda haka ya kamata mu duba yadda ƙasar Amurka ta shirya wannan al'amari, don akwai abin lura a ciki.

Tun daga dokar 1986 ƙa'idodin lasin manyan motocin haya suka zama ɗaya a dukan jihohinsu. Direban da aka samu da giya a jininsa har kashi 0.04 cikin 100 yana tuƙin irin wannan mota, za a hana shi tuƙi shekara 1, in kuwa kayan da ya ɗauko masu haɗari ne, shekara 3. In ya sake, sai a hana shi muddin ransa, ko da yake jiha tana iya sassauta masa bayan shekara 10. Manyan laifuffukan hanya guda 2 cikin shekara 3, kamar gudun wuce kima, hukuncinsu kwana 60.

To, ina hakkin direba? A 1971, cikin shari'ar Bell da Burson, Kotun Ƙoli ta yanke cewa ba a ƙwace wa mutum lasin sai an bi hanyar shari'a, tun da yake abincinsa yana iya rataya a kai. Amma a 1977, cikin shari'ar Dixon da Love, wadda ta shafi wani direban lori na Jihar Illinois, kotun ta yarda a fara ƙwacewa, a saurari mutum daga baya, in dai laifuffukan sun riga sun tabbata gaban alƙali.

Watau ƙofar ɗaukaka ƙara a buɗe take, amma ƙunƙunta ce. Ba wurin roƙon arziki ba ne. Doka ta hana a ba wanda aka dakatar lasin wucin gadi na tuƙin haya, ta kuma hana jiha ɓoye laifinsa daga rajista. Abin da ake bincike shi ne: shin shi ne ya yi laifin? An rubuta ranar daidai? An ƙidaya daidai? Wa'adin kuwa gajere ne. Wanda aka kama kan zargin maye, kwana 10 gare shi ya nemi a saurare shi a California, kwana 15 a Texas. In ya yi sake, dama ta wuce.

A ganinmu wannan tsari ya yi daidai, gama ran matafiyi ya fi ladan direba. Amma adalcinsa duka ya dogara ne ga mai riƙe da rajista. Kuskuren lamba ɗaya na iya zaunar da magidanci shekara guda ba aiki. Lalle ne ma'aikacin da ke rubuta irin wannan takarda ya bayyana dalili, da wa'adi, da inda za a kai kuka, cikin magana wadda direba zai fahimta. Shi kuma direba ya adana takardunsa, ya kai kukansa da wuri, don da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe.