Harafi Ɗaya na Iya Zubar da Mutuncin Takarda

"Ai Turanci ba harshen iyayenmu ba ne." Garkuwar da ma'aikaci kan ɗaga ke nan idan aka nuna masa ya rubuta *writting* maimakon *writing*, ko ya zubar da *m* ɗaya daga *accommodation*. Wannan uzuri ba ya karɓuwa daga mai digiri.

Gaskiya ne rubutun Turanci murɗaɗɗe ne. Ana rubuta Hausar boko kusan yadda ake furta ta. Turanci kuwa ya kwashi kalmomin Faransanci bayan mamayar Ingila ta 1066, daga baya furucin wasulansa ya sauya, rubutun bai bi sawu ba. Saboda haka duk wanda ya bar kunne ya yi masa jagora, zai faɗa rami.

Kwamfuta ma ba ta fitar da mutum kunya. *Principal* shugaban makaranta ne, *principle* ƙa'ida ce. *Stationery* kayan rubutu ne, *stationary* abin da ke tsaye cik. Dukansu kalmomi ne ingantattu, na'ura ba za ta ja musu jan layi ba. Mai tantance takardun neman aiki shi zai ja, ya ture takardar gefe, bai ko ga fuskar mai ita ba.

Abin takaici, masu wannan uzurin su ne kan rubuta *kasa* suna nufin *ƙasa*. Ashe harshen iyayen ma bai tsira ba. Cutar sakaci ce, maganinta kuma ƙamus da sake karanta takarda kafin a sa hannu.