Haƙƙin Karen Gadi A Kan Mai Shi

Bayan haka, waɗansu attajiran Gyadi-Gyadi da Tarauni sun shiga ajiye karnukan Turai masu yawan gashi don gadi. Mai Risala bai yarda da ajiye kare ba sai don gona ko kiwo ko farauta. Malaman baya suka sauƙaƙa a kan gadi. To, wanda ya karɓi sauƙin nan ya ɗauki nauyi. Gashin tsakanin yatsun karen, in ya yi tsawo, ƙarangiya takan sarƙe shi, kaska ta ɓuya ciki, har dabba ta riƙa ɗingishi. Sai a rage shi da almakashi a hankali, daidai da tafin ƙafa. Kada wani ya fake da najasa, gama a mazhabar Maliku kare mai rai tsarkakakke ne. Wassalamu.