Zaurance Ma Rubutun Sirri Ne, Ya Cancanci Nazari

Masu yawon hutu a cikin ƙananan jiragen ruwa kan mashigin Grand Union na Ingila sukan tsaya kusa da Milton Keynes domin su ziyarci Bletchley Park. A nan ne aka warware saƙonnin sirrin sojojin Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma sai a 1974 labarin ya fito fili. Yau wurin gidan tarihi ne.

An fi jin sunan Alan Turing da na'urar Enigma, har a ɗauka aikin na masana lissafi ne kaɗai. A ganina, rabinsa aikin harshe ne. Enigma ba ta taɓa mayar da harafi ya zama kansa, rahotannin yanayi na Jamusawa kuwa suna maimaita kalmomi iri ɗaya kullum. Wanda ya san ɗabi'ar Jamusanci shi ke hasashen kalmar da ke ɓoye, sannan inji ya gwada. Tun ƙarni na 9 Alkindi ya nuna a Bagadaza cewa ƙirga yawan aukuwar haruffa na tona asirin rubutu.

To mu fa? A Adar, daga Allakaye zuwa Buza, Keita da Madawa, duk wanda ya tashi cikin yaran Hausawa ya san zaurance: a cusa wata gaɓa cikin kalma, ko a juya gaɓoɓinta, “gida” ta koma “dagi”, don kada babba ya gane. Muna kiransa wasan yara, alhali hujja ce mai ƙarfi a nazarin tsarin sauti. Yaron da bai taɓa jin kalmar “gaɓa” ba ya san daidai inda zai yanka kalma. Kuma idan gaɓoɓi suka sauya wuri, shin karin sauti da tsawon wasali suna bin su, ko suna zama inda suke? Amsar za ta gaya mana ko karin sauti na gaɓa ne ko na kalma.

Ousseina Alidou ta yi kundin digirinta na uku a 1997 kan irin waɗannan wasanni a harsuna shida na Nijar. Wannan hanya a buɗe take, amma mu ɗalibai mun fi son batutuwan da za a gama a ɗakin karatu na Yamai ba tare da an sha ƙurar laterite ba. Takardun Bletchley sun jira shekara talatin a ajiye. Zaurancen Adaranci yana bakin mutane ne kawai, yaran yau kuma hirarsu ta koma WhatsApp. Wayar da ke aljihunmu ta isa ɗaukar murya a hutun damina mai zuwa.