AN SAKE SU, TO SU NUFI INA?

'Yan'uwa talakawa, ku tuna da ran 1 ga Nuwamba, 2024. A ran nan aka gurfanar da yaranmu na Kano da Kaduna gaban Babbar Kotun Tarayya a Abuja, watau waɗanda aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta. Wata uku suna tsare. Huɗu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, aka kuwa yanka wa kowannensu belin naira miliyan 10. Da duniya ta yi ca, sai Shugaba Tinubu ya ce a sake su. Aka miƙa su ga gwamnoninsu, aka ɗauki hoto, aka watse.

Waɗannan dai sun ci sa'a, an ga fuskarsu a jarida. Ina labarin yaron da ya fito daga gidan horon yara na Goron Dutse, ko na Kakuri a Kaduna, ba hoto ba rakiya, sai rigar wuyansa?

Doka kam akwai ta. Tun 1962 aka yi dokar gidajen horon samari, domin a koya musu sana'a a mai da su mutane. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ce lalle kowace jiha a gina irin gidan nan, na maza daban na mata daban, a kuma ci gaba da kula da mutum bayan ya fito. Amma sa'ad da aka sa mata hannu uku ne kurum ke aiki: Kaduna da Ilori da Abeokuta. Ku tambayi kanku, guda nawa kuka ga an gina a jiharku?

Kwanan baya wata mai ƙosai ta zo ofishinmu in rubuta mata takardar neman aiki ta ɗanta. Batirin mota ya sata yana da shekara 16, ya sha horo, ya fito ya iya kafinta. Shago uku ta kai shi. Da an ji inda ya fito, sai a ce, "Baba, ki yi haƙuri, ba wuri." Yanzu a tasha yake kwana, kun kuwa san wa ke jiransa can: mai sayar da ƙwaya, da ɗan siyasar da ke neman mai riƙe masa gora ran zaɓe.

Ku dubi rashin adalci! Babban mutum ya kwashe kuɗin asibiti, ya dawo gida da makaɗa da maroƙa, har a naɗa masa rawani. Ɗan talaka ya ɗauki batir, sunansa ɓarawo har kabari. Abin baƙin ciki kuwa, mu ne muke tabbatar masa da sunan, ba alƙali ba. Alƙali shekara biyu ya yanke masa, mu muka mai da ita ɗaurin rai da rai.

Saboda haka muna kira ga 'yan Kantin Kwari da Kurmi da Ƙofar Ruwa da Panteka. Kowace ƙungiyar 'yan kasuwa ta ɗauki yaro ɗaya ko biyu a shekara. Dattijon layi ya tsaya masa, kada a ɗora wa ubangida shi kaɗai. Idan ya ƙware, a ba shi ɗiba ɗaya daga adashi ya sayi zarto da guduma. Wani zai ce, in ya sake sata fa? To, ana iya yi. Amma wanda muka kora tasha, shi ne zai fasa rumfarmu da dare.

Sa'an nan duk mai neman ƙuri'arku, ku tambaye shi ina gidan da dokar 2019 ta ce a gina, nawa kuma aka ware don jarin yaran da suka fito. In ya kama kame-kame, kun san abin yi.

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yaran nan namu ne. Mu karɓe su.