Motar Iyali: A Ƙirga Bel Kafin A Ƙirga Kuɗi

 

A 'yan makonnin nan, tambayar da ta fi yawa cikin saƙonninku ita ce ta mota. Kasuwa ta ɗan yi albarka, yara sun kai huɗu ko biyar, babur ya daina ɗauka, kuɗin tasi zuwa boko da Islamiyya ya ishi mutum. Maigida yana son motar da za ta fitar da shi kunya ranar Sallah. Uwargida tana son wadda za ta kwashe yara da kayan cefane ba hayaniya. Su kuwa yara, nasu mai sauƙi ne: wadda za su ji daɗi a cikinta. To wacce za a saya?

Shawarata ita ce kada a fara da sunan mota. A fara da ƙirga kawunan da za su shiga, sannan a ƙirga bel ɗin da ke cikin motar. In mutum bakwai ne, bel bakwai ake nema. Mu dai mun saba da "a matsa, ai yara ne", a jera huɗu ko biyar a kujerar baya, a ɗora auta a cinyar uwa a gaba. Haka aka yi da mu, kuma Allah ya tsare. Amma lissafin ba ya tare da wannan al'ada. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa, in ta daki abu ta tsaya cak, wanda bai ɗaura bel ba tamkar ya faɗo ne daga tsayin mita 10, wato wajen bene mai hawa uku. Babu hannun uwar da zai iya riƙe jariri a wannan lokaci, komai ƙaunarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma nahiyarmu ce ta fi kowace yawan mace-macen in aka kwatanta da yawan jama'a. Rai na Allah ne, babu musu, amma an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali.

Wannan lissafi kaɗai ya fitar da ƙananan motoci irin su Corolla da Camry ga mai yara fiye da uku. Motoci ne na kirki, amma bel biyar gare su. Ya kuma fitar da yawancin ƙananan jif ɗin da ake rububi, irin su RAV4 da CR-V, don mafi yawansu su ma mutum biyar suke ɗauka. Tsayin da ake gani daga waje bai ƙara kujera ko ɗaya ba.

Abin da ya rage shi ne motoci masu layin kujeru uku. Iyayenmu sun san amfaninsu tun zamanin Fijo 504 doguwa, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna. Yau dai iri uku ne suka fi samuwa a tashoshin Kwatano da Lome da Tema da Duwala.

Na farko su ne manyan motocin iyali na Amurka, wato Toyota Sienna da Honda Odyssey. Suna ɗaukar mutum bakwai ko takwas, kuma ko an cika kujerun duka, akwai rami mai zurfi a baya da zai ci akwatuna da kular abinci. Babbar ni'imarsu ƙofa mai zugewa. Duk wanda ya taɓa fitar da yara a lungun Nima ko Birketeri, inda babura ke wucewa kamar kibiya, ya san darajar ƙofar da ba ta buɗewa cikin titi. Aibinsu guda uku ne. Tsawonsu ya ɗara mita 5, don haka juyawa a matsattsen lungu sai an yi haƙuri. Cikinsu yana kusa da ƙasa, hanyar ƙauye da damina tana wahalar da su. Sannan injin silinda shida ne, a cikin gari zai iya shan lita 13 ko fiye a kilomita 100. Sienna ta 2004 zuwa 2006 tana da inji 3.3 mai bel ɗin taimin, wanda ake canjawa in lokacinsa ya yi, daga 2007 kuma aka koma inji 3.5 mai sarƙa. Wadda aka fara fitarwa daga 2021 tana haɗa fetur da batir, shan manta wajen rabin na tsohuwar ne, sai dai kuɗinta ba na wasa ba ne, kuma ba kowane bakanike ne ya san kanta ba.

Na biyu su ne 'yan Turai: Opel Zafira, Toyota Picnic, Corolla Verso, da kuma Volkswagen Sharan da tagwayenta Ford Galaxy. Sun fi ƙanƙanta, sun fi sauƙin mai, kuma uwargida za ta fi jin daɗin tuƙa su a cikin gari. Tsofaffin Zafira ba su kai mita 4 da rabi ba. Sai dai in ka ɗaga kujerun baya na Zafira ko Verso, but ya kusan ƙarewa, kuma kan yaran da ke can baya yana dab da gilashin ƙarshe. Don kai yara makaranta sun yi, don tafiyar Akra zuwa Tamale da akwatunan mutum bakwai, za a sha matsi. Sharan da Galaxy kuwa suna da wata fa'ida ga mai ƙananan yara a jere: layin tsakiya kujeru uku ne daban-daban, kowacce za ta ɗauki kujerar jariri ba tare da sun ci karo ba.

Na uku su ne jif masu layi uku, irin su Highlander da Pilot da Prado. Nan ne zuciyar yawancin magidanta take, kuma ban ga laifinsu ba, jif akwai kwarjini. In hanyar garinku da gaske rami ce da yashi da laka, tsayin jif buƙata ce. Amma in tsakanin gida da kasuwa da makaranta za ta ƙare rayuwarta, to ka sani layin ƙarshe na tsohuwar Highlander ƙarami ne, sai an naɗe kujerar tsakiya kafin a shiga, kuma but ɗin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Ka biya kuɗin kwarjini, yara kuma sun biya da gwiwoyinsu.

In aka ce lallai in zaɓa wa mai yara huɗu zuwa shida da ke zaune a birni, ni Sienna zan nuna masa, ko Sharan in kuɗin mai ne damuwarsa. Amma akwai alƙalin da ya fi ni, shi ne bakaniken unguwarku. Kafin ka biya ko sisi, ka je inda ake sayar da kayan gyara a garin da kake zaune, Abossey Okai a Akra, Suame Magazine a Kumasi, Camp Yabassi a Duwala, ka tambayi farashin abu huɗu na motar da kake so: shokozoba, lagireto, fitilar gaba da giyabos. In an ɗauko maka nan take daga shago biyu ko uku, motar ta garin ce. In an ce sai an aiko daga Legas ko Dubai, ka yi tunani. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin illar kuɗin da ya kwanta, kuma motar da ta yi wata biyu a gareji jari ne da ya kwanta. Ka kuma tambaya a garinku na asali, in can za ka riƙa kai iyali hutu. Sienna dai ta samu gata a Najeriya, don masu haya sun rungume ta, kayanta kuwa har Ƙofar Ruwa a Kano.

Sai batun sitiyari. Ana shigo da motocin Japan masu kyau da araha, irin su Noah da Voxy, amma sitiyarinsu na asali a dama yake. Mu kuma daga Ghana har Cadi a hannun dama muke tuƙi, Najeriya ta koma haka a 1972, Ghana a 1974, don haka sitiyarin hagu muke buƙata. Abin da ake yi shi ne a mayar da sitiyarin ɗaya ɓangaren a gareji, a taɓa birki da wayoyi da jakar iska. Wani aikin yana kyau, wani kuma sai Allah. Ni dai ba zan ɗora 'ya'yana a kan aikin da ban san wanda ya yi shi ba. Araha ba ta ado.

Ranar duba mota, ka tafi da bakanikenka, ba na dillali ba, kuma ka tafi da uwargida. Ita za ta ga abin da ba za ka gani ba. Ku ja kowane bel da ƙarfi ku ga ko yana cijewa, ku tabbata na kujerar tsakiya yana bi ta kafaɗa, ba ta ƙugu kaɗai ba. Ku zura hannu tsakanin mazauni da majingina ku nemi ƙarafan da ake maƙala kujerar jariri, waɗanda ake kira ISOFIX a Turai, motocin Amurka kuwa an wajabta musu irinsu tun 2002. Ku duba ɗan maɓallin da ke gefen ƙofar baya mai hana yaro buɗewa daga ciki. Ku kunna na'urar sanyi ku zauna a layin ƙarshe, ku ji ko iska tana isa can, don wanda bai zauna a bayan mota a Marwa cikin watan Afrilu ba bai san zafi ba. In ƙofa mai zugewa ta lantarki ce, ku buɗe ku rufe sau da yawa, wayarta ce ke yawan tsinkewa. Ku ɗaga kafet ku shinshina, ku duba tsatsa a ƙarƙashin kujeru, don ana turo mana motocin da ambaliya ta shanye a Amurka. Lambar jikin mota, VIN, haruffa da lambobi 17 ce, kuma da ita ake binciko tarihin motar Amurka a intanet. A jikin taya kuma akwai lambobi huɗu na ƙarshe bayan kalmar DOT: in ka ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na 2019. Tayar da ta tsufa tana fashewa a kwalta mai zafi ko da zanenta bai cinye ba.

Takardu ma kada a yi musu riƙon sakainar kashi, musamman mu da ke zaune a ƙasar da ba tamu ba. Ghana tana cin tarar motar da ta wuce shekara 10 a wajen fito, Kwadebuwa kuma tun 2018 ta hana shigo da motar gida da ta wuce shekara 5. Ka ga takardar kwastan ta asali da idonka, ka sa rajista da sunanka. In za ka ƙetare iyaka, ka nemi inshorar ƙetare, Brown Card a ƙasashen ECOWAS, Carte Rose a ɓangaren Kamaru da Cadi.

Yanzu ga inda mu 'yan kasuwa muka fi rauni. Da mun ga fili a mota, sai mu tuna da dilar atamfa da ke jiran a kai shago. Ba laifi ba ne motar gida ta taimaki kasuwa, Sienna in an kwantar da kujerun baya tana cin kaya sosai. Amma a raba tafiyar kaya da tafiyar yara. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takardar da ta faɗi nauyin da motar za ta ɗauka, a irin waɗannan motoci yawanci tsakanin kilo 500 ne da 700. Manya biyu kilo 150, yara biyar 125, akwatuna 100, buhun shinkafa uku 150, ka ga an wuce 500 tun ba a ɗora tsarabar dangi ba. Kuma duk abin da aka jibga a bayan kan yara ba a ɗaure ba, in an taka birki da ƙarfi kansu zai sauka. Tukunyar gas da jarkar fetur kuwa ba su da wurin zama a motar da yara ke ciki.

To ina jin daɗin da yara suka nema? Dillali zai nuna maka talabijin a bayan kujera da rufin gilashi. Talabijin ɗin shi ke fara mutuwa, rufin kuma in robarsa ta bushe, damina za ta faɗa maka. Abin da ke sa yaro murna a mota bai wuce huɗu ba: kujerarsa ta kansa, taga da zai ga shanu da tireloli, iska mai sanyi, da wurin ajiye ruwansa. In kowa yana da wurinsa, rabin faɗan "ya matse ni" ya ƙare. Sauran kuma namu ne. A yi kacici-kacici, a yi tatsuniya, a yi tilawa, a koya musu sunayen garuruwan da ake wucewa. Yaron da aka haifa a Kumasi ko Yawunde, sau da yawa a cikin motar nan yake jin Hausa mafi tsawo daga bakin ubansa. A tsaya duk bayan awa biyu su miƙe ƙafa. Kuma ko na minti biyar ne, kada a bar yaro a rufaffiyar mota a rana.

Abu na ƙarshe, kada ka zuba duk abin da ka tanada a kuɗin saye. Ka ware na tayoyi, na baƙin mai da gyaran farko, na inshora, da na kujerun yara: mai kallon baya ga jariri, a layin baya, nesa da jakar iskar gaba, da ɗan matashin ɗaga yaro ga waɗanda bel ke bi ta wuyansu. Gara tsohuwar mota mai lafiya da kowa ke ɗaure a cikinta, da jif mai sheƙi da ya cinye jarin shago. Sayen nagari dai mai da kuɗi gida ne.

Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya raya mana zuri'a. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.