Ɗan Ƙodago Ba Shi da Ranar Jinya

Mafi yawan magidanta a Utai da sauran garuruwan ƙasar Wudil ba albashi suke jira ba. Wani ƙodago yake yi a gonar wani, wani yashi yake haƙa a bakin kogi, wani kuma sai Juma'a ta zagayo ya tafi kasuwar Kara ya yi lodin shanu. Haka abin yake a ƙasar baki ɗaya: alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya sana'arsu ba ta cikin tsarin hukuma.

Mutumin da ke hannu baka hannu ƙwarya ba ya kwanciya don zazzaɓi. In ya kwanta, ranar ba a ɗora tukunya, washegari kuma an sa wani a gurbinsa. Sai ya biya kemis ya haɗiyi ƙwaya biyu, ya koma bakin aiki. A haka hawan jini ke cin sa bai sani ba, tarin da ya raina ashe na fuka ne, ciwon baya yana durƙusar da shi tun bai tsufa ba. Ranar da za a kai shi Babban Asibitin Wudil, a kwance ake kai shi, an riga an sayar da akuyar matarsa. Maƙwabcinsa ma'aikacin gwamnati kuwa, ciwo iri ɗaya, da katin KSCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kano, zai je tun da wuri.

Tsoron rasa aiki ba ƙaramin abu ba ne. A watan Yunin 2020 'yan sanda suka fito da ma'aikata fiye da 100 daga wani kamfanin shinkafa a Challawa, bayan sun shafe kusan wata uku a kulle. Ma'aikatan sun ce sharaɗin da aka gindaya musu shi ne ko su zauna ko su bar aikin.

Doka dai akwai ta. Ta biyan diyyar ma'aikata tana nan tun 2010, ta 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Kano ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 71,000 a 2024, amma ɗan dako bai ga ko sisi ba.

Ina kira ga KSCHMA ta kafa teburin rajista a Kara ranar kasuwa, ta bi ta hannun shugabannin masu lodi da masu yashi, ta karɓi kuɗin kaɗan-kaɗan yadda suke samunsa. Majalisar Ƙaramar Hukumar Wudil kuma ta biya wa waɗanda ba su da hali.