Kafin Ka Sa Magen Nan a Buhu

Akwai wata ɗabi'a da muka ɗauka ba komai ba ce a gidajenmu, wadda ni kaina na kusa aikatawa, shi ya sa na ga ya dace in ce wani abu a kai. Da zarar mage ta fara fitsari inda bai dace ba, hukuncinta a wurinmu biyu ne: ko a yi ta jibgar ta da tsintsiya, ko a jefa ta a buhu a ɗaure baki, a ba yaro ya kai ta bakin kasuwa ya sake ta. A ganina duka biyun zalunci ne, kuma babu wanda ke warware matsalar.

Gidan haya muke zaune, a saman bene, babu tsakar gida balle ƙasar da dabba za ta tona. Don haka muka ajiye wa magenmu baho cike da yashi, kuma shekara biyu ba ta taɓa saɓawa ba. Sai wata safiya muka tashi da zarni a falo. Washegari ta yi a kwandon wanki, rana ta uku kuwa a kan sallayata. Nan fa uwargida ta ce, "Malam, ka zaɓa, ko ni ko kyanwar nan. Na gaji da wankin najasa." Ban ga laifinta ba. Ni ma na kai wa magen duka har sau biyu, kuma na riga na nemo buhun.

'Yata ƙarama ce ta cece ta. Ta zo ta ce, "Baba, zo ka gani, akwai jini a fitsarinta." Na je na duba tayil ɗin banɗaki, ga ɗigo-ɗigo ja. Da muka kai ta wurin likitan dabbobi, ya ce kumburin mafitsara ne. Ya yi mani bayanin cewa idan mage na jin zafi lokacin fitsari, sai ta ɗauka bahon ne ke jawo mata zafin, ta koma neman wani wuri mai laushi ko mai sanyi. Wato mara lafiya na yi ta duka. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza. Mage dabba ce mai tsafta, ba a koya mata binne kashinta, da shi aka halicce ta. Asalinta kyanwar daji ce ta yankuna masu ƙarancin ruwa, shi ya sa ba ta cika shan ruwa ba, fitsarinta kuma yake da ƙarfin wari. Duk ranar da ta bar yashinta, akwai dalili. Yana iya zama kumburi ko tsakuwa a mafitsara, ko ciwon ƙoda da ciwon siga idan ta manyanta. Mai muzuru kuwa ya ƙara lura: idan ka ga yana ta tsugunawa yana nishi amma babu abin da ke fitowa, hanyar fitsarin ce ta toshe, kuma hakan na iya kashe shi cikin kwana 2 zuwa 3. Kada ka bari ya kwana a haka. Sannan don Allah kada a ba mage farasitamol, ko da ɓari ne. Guba ce a jikinta.

Idan likita ya ce lafiyarta ƙalau, sai mu juyo kan kanmu. Yaushe rabon da a kwashe yashin? Mu da ba ma iya shiga makewayi mai datti, don me muke zaton ita za ta shiga? A kwashe kullum, a wanke bahon a zuba sabon yashi duk mako. A duba inda aka ajiye shi ma. Namu yana gefen janareta ne, kuma ban taɓa tunanin ƙararsa na firgita ta ba. A nisanta shi da kwanon abincinta, a ajiye mata ruwa mai kyau koyaushe. Mai mage biyu ya ajiye baho uku. Shi kuwa muzurun da ke tsayawa ya ɗaga wutsiya ya feshe bango, shata iyakar yankinsa yake yi, kuma dandaƙa a asibitin dabbobi kan rage wannan sosai.

Wajen wanke wurin ma muna kuskure. In warin bai fita sarai ba, can za ta koma, don hancinta ya fi namu nesa ba kusa ba. A tsane fitsarin da tsumma, a wanke da ruwa da sabulun wanki, a shanya a rana. A guji zuba bilic a kan fitsarin, don haɗuwarsu na fitar da iska mai cutar da ƙirji, haka ma magungunan goge ƙasa irin masu sa ruwa ya yi fari, da yawansu na yi wa mage lahani. Mace mai juna biyu kuma a ɗauke mata aikin kwashe yashin, saboda wata ƙwayar cuta da ake iya samu a kashin mage wadda kan taɓa ɗan tayi.

Na san wani zai ce mutane ma ba su samu magani ba balle kyanwa. Gaskiya ne, aljihu ya yi zafi. Amma rabin abin da na lissafa ba ya cin kobo, kulawa kawai yake so. Kuma ba wanda ya tilasta mana ajiye ta. Mu muka kawo ta don ta kore mana ɓeraye, muka rufe ta a bene inda ba ta da wata mafita sai mu. Duk mun taso muna jin hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Magen da ta saba da gida, in ka yar da ita a kasuwa, yunwa da karnuka da duwatsun yara ka miƙa wa ita.

Tamu dai ta sha magani, mun mayar da bahon wani lungu mai shiru, kuma tun daga lokacin ba ta sake ba. Buhun da na nemo, gawayi uwargida ke zubawa a ciki. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin duk abin da ke ƙarƙashin kulawarmu, amin.